Injin da Aka Hana Rawa

Sanda huɗu na ƙarfe Bahago ya yanka, tsawonsu ɗaya, ya rungume su ya hau bene. Lahadi ce da hantsi, masaƙar shiru, mai gadi yana can bakin ƙofa da rediyonsa.

Shekara talatin da ɗaya yana walda a wurin nan, kuma karatunsa bai wuce layi ɗaya ba: ƙarfen da ke motsi ba a ɗaure shi da kyau ba. Sai ga kamfanin da ya kawo sabon janareto ya turo wata injiniya mai farar hular kwano. Ta ɗora injin tan shida a kan wasu igiyoyin ƙarfe da aka naɗe kamar awarwaro tsakanin faranti biyu, guda takwas, ta ce su za su shanye jijjigar kafin ta kai ga dabe.

Da aka tayar da injin, sai ya yi rangaji hagu da dama kafin ya daidaita. Ma'aikata suka samu abin yi.

"Injiniya ta kawo mana ɗan rawa," in ji mai kula da zare. "Saura makaɗi."

"Ai takardar makaranta ba ta ɗaure noti," wani ya ƙara.

Bahago bai yi dariya ba, ya ture kwanon abincinsa ya tashi. Kowa ya san jininsa bai haɗu da na yarinyar ba. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallon idonta ba, in ta shigo ta wannan ƙofa sai ya fita ta waccan. Aka ce tsoho ne da baƙin cikin ɗan zamani.

Ranar Litinin mai masaƙar zai zo ganin injin, tare da shugaban yarinyar. Aikinta na farko ke nan da aka sakar mata ita kaɗai.

Bahago ya durƙusa, ya kafa sandunan a kusurwa huɗu, ya liƙe ƙafar injin da dabe. Walda ce mai kyau, ba ƙuraje, kowane layi ya ƙare da 'yar ƙugiya zuwa hagu, yadda hannunsa ya saba. Ya shafa baƙin fenti. Ya tura injin da kafaɗa, ko gezau.

Litinin aka taru. Injin ya tashi a tsaye cak, babu rawar da masu tsegumi za su yi wa dariya. Minti uku aka yi a haka.

Sannan ginin ya karɓi rawar. Tafin ƙafar kowa ya fara ƙaiƙayi. Gilasan taga suka ɗauki kuka. A ofishin da ke ƙasa kofuna suka yi tafiya a kan tebur har suka faɗi, siminti ya fara zubo wa akawu a ka. Tsaga ta bi bango daga kusurwa kamar ana zana ta, bututun mai ya karye a wuya. Injiniyar ce ta kai hannu ta kashe.

Ta kwanta ƙasa da tocila. Ta ga sandunan. Ta ɗora babban yatsa a kan waldar, ta bi layin har zuwa 'yar ƙugiyar, ta daɗe a nan fiye da yadda dubawa ke buƙata.

"Wa ya taɓa injin nan?" manaja ya tambaya. Ba wanda bai san hukuncin ba, kora ce a take, ko da saura wata goma mutum ya yi ritaya.

Bahago ya laɓe a bayan mutane.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Ni na sa aka yi. Rawar ce ta ba ni tsoro."

Shugabanta ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kika yi lissafin da hannunki? Kin san motsin nan shi ne aikin igiyoyin, kika ɗaure su?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. A gaban masaƙa da masu shara ya ce gobe wani zai karɓi aikin, ita kuma ta tattara kayan teburinta.

Ba ta roƙa ba. Ta nemi injin yankan ƙarfe, ta riƙe shi riƙon wanda ya tashi cikin tartsatsi, ta datse sandunan ɗaya bayan ɗaya. Aka gyara bututu. Ta ajiye kofin ruwa a dabe, ta tayar da injin. Ya yi rangajinsa, igiyoyin suka lanƙwasa suka dawo, ruwan kofin ko motsi bai yi ba.

Bahago ya kalli ruwan nan har idonsa ya yi zafi. Shekara talatin da ɗaya, kofi guda ya ƙaryata shi. Kuma ya tsaya da furfurarsa yarinya ta ɗauki laifinsa a ka.

Da aka tashi, ya bi doguwar hanya. A ƙofar gidansa ya tsaya ya daɗe kamar mai jiran a yi masa iso, yana goge fentin da ya maƙale a farcensa.

A ƙarshe ya shiga. Farar hular kwanon tana rataye a ƙusar da yake rataye tasa. 'Yarsa ta fari ta ajiye masa ruwa a gabansa, ta ce, "Baba, da ka bar su sun yi ta yi mini dariyar, ai ni ba ta dame ni ba."