Rijiyar Bayan Katanga

"Ku ajiye diga!" na daka wa masu haƙa tsawa daga kan tsani. Leƙawar da na yi, sai ga rijiyar maƙwabta a gindin katangarmu, dab da ramin da ake haƙa wa tankin tace ƙazantar bayan gida.

Yaya ya fito yana huci. Shi ya zo da tankin daga birni, ni da na karanci aikin na shata masa wuri can gangare, nesa da kowace rijiya. Ina juya baya ya dawo da ramin nan, wai can zai riƙa ajiye mota.

"Yaya, ruwan da tankin ke fitarwa ƙarƙashin ƙasa yake bi, bai san katanga ba. Cikin rijiyarsu zai ƙare."

"Ke dai kin cika iyayi. Kin ce nesa da rijiya, na nisanta shi da tamu. Tasu kuma su ta shafa."

Na yi bayani har muryata ta dishe. Ya ce a ci gaba da haƙa.

Inna ta miƙo masa moɗa ko zai huce. Ya kafa kai ya shanye tas.

"Kai! Duk yawona ban sha ruwa mai daɗin na rijiyarmu ba."

"Tamu?" in ji Inna. "Ai tun bara ta ƙafe, ɗan nan. Wannan ta kan katangar suke miƙo mana kullum."