Bokitin Malam Mikail

Kowace safiya Malam Mikail yakan tsaya a ƙofar ajinsa da jan bokiti, kowane ɗalibi ya jefa wayarsa kafin ya shiga. Iyaye sun yi ta roƙo, wai in bam ya tashi ta ina za su ji ɗansu? Malam ya ce bam bai taɓa hana kowa koyon lissafi ba, waya ce take hanawa. Haka yake, a unguwar Bulabulin ko akuya ta san tsawarsa.

To, ranar wata Litinin yana rubutu a allo, tasa wayar ta yi motsi a aljihu. Saƙo ne daga baƙuwar lamba. "Ka bar koyar da boko. Ka zauna a gida."

Allin ya karye a hannunsa. A shekarar nan an bi malamai biyu har gida an kashe, ɗaya ma tare suka yi karatu.

Da ya koma gida ya nuna wa matarsa Siddiƙa. Ta rungume 'yarsu Fanna ta yi kuka, ta ce ga yayanta yana neman mai tsare masa shago, me ake ci a allo? Ya ce a bari tukuna.

Talata saƙo ya sake zuwa. "Mun gan ka da shuɗiyar hula." Laraba ya fito da baƙa, yana shiga Keke ya cusa ta a aljihu, ya isa makaranta da kai tsirara kamar sabon ɗan kurkuku. Saƙo ya ce baƙa. Wato tun daga ƙofar gida ake binsa.

Mutumin da yake cika aji da tsawa ya koma koyarwa da raɗa, bayansa manne da bango. Murfin tebur ya faɗi, ya tsinci kansa a ƙarƙashin benci yana salati. Yara ko dariya ba su yi ba.

Alhamis saƙon ya ce, "Mai ƙwace wa yara waya, kwananka ya kusa ƙarewa."

Nan zuciyarsa ta tafi kan Madu, dogon nan na bencin baya, wanda yayansa ya ɓace tun bara, aka ce ya shiga daji. Malam bai gaya wa kowa ba, har Siddiƙa. Ya je ya samo 'yan gora biyu, matasan da ke gadin unguwa, ya tsayar da su a bakin taga da sandunansu.

Ya zazzage bokitin a kan tebur. Ya sa aka laluba aljihun kowa, har safa. An samu wata ƙaramar waya a takalmin Madu.

"Malam, ta tsohuwata ce. Ta ce in ta ji ƙara za ta kira ni."

"Yanzu za mu gani."

Madu ya kalli taga. Kowa ya san wanda 'yan gora suka tafi da shi a kan wannan zargi ba a cika tambayar ranar dawowarsa ba.

Malam ya ciro wayarsa ya danna lambar da ke turo masa saƙon, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

Tana shiga. Ba abin da ya motsa a tebur. Ta Madu ma shiru.

Sai aka ɗauka. Numfashi kawai ake ji, da kukan kaza can nesa.

Malam ya matso da wayar bakinsa. "Salamu alaikum. Don Allah wane ne?"

Wata 'yar siririyar murya ta yi dariya. "Baba, ni ce Fanna. Mama tana wanka. Kar ka gaya mata na taɓa wayar da take ɓoyewa a buhun gero."