Ranar da Baba Ya Faɗi Sunana

Ban daɗe a firamare ba, karatuna na yaƙi da jahilci ne. Amma akwai wata azahar a makarantarmu ta Ƙofar Jatau da ba na mantawa.

Lokacin ana ta raɗe-raɗin satar yara, har aka tura maigadinmu kwas. Ya dawo da littafin sunaye da sabuwar doka. Ran nan na hango Baba a bakin get da kekensa, na sheƙo a guje.

Baba ya ce, "Malam, buɗe mini. Mahaifiyata ce jiki ya tsananta, tana kiran yarinyar nan."

Maigadi ya tare ni da hannu. "Mene ne sunanta?"

"Uwata."

"Babu Uwata a littafin nan."

Sunan kakata aka sa mini, Baba kuwa bai taɓa furta shi ba. Na ce, "Wallahi babana ne!"

"Yi shiru, 'yata. An koya mana yaro ma ana ruɗinsa. Alhaji, ka yi haƙuri. Wanda bai san sunan yaro ba, ba a ba shi yaro."

Gumi ya jiƙa hular Baba. Ya sunkuyar da kai, can ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajara."

Mun tarar da kakata da rai, har ta shafa kaina.

Yau ina da 'ya'ya huɗu a makaranta. Duk maigadin da ya tsare ni da tambaya in na je ɗaukarsu, godiya nake masa.