Wuyan da Inna Ta Sani

"Ba ciwon daji ba ne, ƙari ne kawai," in ji likita. "Mu cire shi, ki huta da naɗe wuya da gyale."

Aka yanke ƙullutun da ke wuyana tun ina yarinya. Na farka murya a dishe.

Da aka sallame ni, ɗakin Inna na fara shiga. Tun da ruɗin tsufa ya kama ta ba ta gane fuskar kowa, sai ta laluba.

Na durƙusa. Ta shafa wuyana, ta sake shafawa.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce. "In kin fita, turo min 'yata."

Na ce to. Na ja mata ƙofa.