Ƙwai a Ƙarƙashin Toka

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo mu ji ta, ko da ƙauri.

Wani sojan Italiya ya sunkuya zai kunna sigari a kaskon garwashin wata Bahaushiya, alhali ƙwai goma ne binne a tokar. Zamanin yaƙi ne a Libiya, an killace Yahudawan garin da waya a unguwa ɗaya, wanda ya kai musu abinci harsashi ne rabonsa. Ita kaɗai ke shiga ta kai musu garwashi ran Asabar, ranar da addininsu ya hana su hura wuta.

Sai ƙwai ɗaya ya ji zafi, fau! Soja ya zube rubda ciki, hula gabas bindiga yamma, yana kiran uwarsa. Ta wuce abinta.

A ciki, tsohon malaminsu ya ja gemu. "'Yata, wannan dahuwar Asabar ce. Bari in duba littafi."

Matarsa ta ce, "Duba a tsanake, Malam. Kafin ka juya shafi jikokinka sun cinye."

Ya rufe littafin. "Rai ya girmi Asabar. Miƙo gishiri."

Malamin dai motar soja ta tafi da shi, bai dawo ba. Matarsa da jikoki uku sun haye teku. Soja ya koma wurin uwarsa. Bahaushiyar kuwa tana nan unguwar Mansur cikin Makka, shekara ashirin ke nan, tana sayar wa alhazai ƙwai, kuma ba ta ɗora ko ɗaya a wuta sai ta huda shi da allura.