Kakana Wanzami da Jarumin Girka

Ina aji biyar a lekol ɗin Matankari lokacin da kakana, wanda wanzami ne, ya same ni da littafin tarihi a buɗe. A shafin akwai gunkin wani mutumin Girka, tsirara haihuwar uwarsa. Dama dalili yake nema ya cire ni daga boko.

Ya kai littafin dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, kuma ba fuskar yake kallo ba.

"Wane ne wannan?"

"Jarumi ne, Kaka. Garuruwa ya ci da yaƙi."

Ya yi tsaki. "Ƙato har da gemu, ko kaciya babu. Yi ta karatunka. Mutanen nan suna bukatar taimako."

Yau ni likita ne. Har ya rasu yana tambayata ko na je Girka ɗin.