Gwajin Herr Köhler

Ɗigo biyu ne suka fara hana Seini sakat. Ya rubuta sunan mutumin, ya danna, sai shafi ya fito da wani tarkace a inda harafin o ya kamata ya zauna da ɗigonsa biyu a ka. Ko mai sunan ba zai gane kansa ba.

Seini ba baƙon kwamfuta ba ne. A ɗan shagonsa na unguwar Akwatia Line a Kumasi yake buga wa mutane katin suna da fostar biki. Amma wannan manhaja da ake kira LaTeX ba ta san wasa ba. Umarni ake rubuta mata layi-layi, in ka manta alama ɗaya tak, ta yi zuciya ta ƙi fitar da komai.

Yayansa Abdul-Hakim ne ya kawo maganar daga Hamburg, inda yake dakon takardu a wata maɗaba'a. Ya ce maigidansa, Herr Köhler, yana neman mai tsara shafukan littafi. In Seini ya ci gwaji, za a kai shi Jamus. Ya turo masa lambar mutumin.

"Amma kar ka kira shi," in ji Abdul-Hakim. "Oburoni ne, Bature, ba shi son waya. Rubutu kawai."

Seini ya duƙufa. Ya koyi yadda ake sanar da manhajar tun daga layin farko cewa Jamusanci za ta ɗauka. Haruffan nan masu ɗigo, ä da ö da ü, suka zauna daram. Har ß, mai kama da B da ya ci ya ƙoshi, ya daina ɓacewa. Kalmomin nan masu tsawo kamar igiyar shanya suka fara karyewa a inda ya dace. Bai san ma'anar ko ɗaya ba, amma ranar da shafinsa na farko ya fito tsaf, sai da ya yi hawaye don murna.

Köhler bai yi murna ba. Saƙonninsa gajeru ne, da Turanci, ba sallama ba sannu. Wannan ba aiki ba ne, sake. Ya sake. Aka turo wani gwajin, littafin injuna cike da lissafi. Bayansa wani. Ranar da aka ɗauke wuta Seini ya rubuta cewa dumso ne ya tsayar da shi, mutumin bai ko tambayi mene ne dumso ba, ya ce ya nemi janareta.

Seini ya rufe shago. Masu kawo masa aiki suka koma shagunan unguwar Asawase. A tsakanin nan Allah ya ɗaga Abdul-Hakim, aka cire shi daga dako aka ba shi kujera a ofis, gida duk aka yi ta hamdala.

"Saura kaɗan, ƙanina," yakan ce. "Ina yi maka magana kullum."

Makon da aka kwantar da mahaifiyarsu Mma Ayishatu a asibiti, makon ne Köhler ya turo littafi mafi girma, ya ce shi ne gwajin ƙarshe. Seini ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Amsa ta zo nan take: ko Juma'a, ko a ba wani. Asibiti yana da likitoci, kai ba ka cikinsu.

Ya kira yayansa.

"Yi hankuri, gama aikin," in ji Abdul-Hakim. "Ai Sherifa na wurinta."

Ƙanwarsu Sherifa ta yi ta kira. "Yaya, Mma na tambayanka. Idonta na kan ƙofa."

"Shafi kaɗan ya rage. Ce mata ina zuwa."

Ranar Juma'a da hantsi ya tura littafin, ya ruga ya hau trotro, motar haya, zuwa asibiti. Ya tarar an riga an lulluɓe ta.

Abdul-Hakim ya iso don sadakar addu'a cikin sabuwar shadda, yana ƙamshi. Aka kafa rumfa a layi, aka jera kujeru. A gaban kawunnansu da malaman unguwa ya juyo ya dubi ƙaninsa.

"Ni ina nesa, ina da uzuri. Kai fa? Kana Kumasi, uwarka na kiranka, ka zauna gaban kwamfuta."

Kowa ya kalli Seini, kallon da ya fi mari zafi. Ya sunkuyar da kai ya haɗiye. Ya tsani kansa fiye da yadda suka tsane shi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne tafiyar nan da ya saya da fuskar mahaifiyarsa, kuma tun da ya tura littafin Köhler bai ce uffan ba.

Aka kira la'asar. Abdul-Hakim ya naɗe hannun riga, ya zaro wayoyinsa biyu daga aljihu ya miƙa wa Seini ba tare da ya dube shi ba.

"Riƙe min, zan yi alwala."

Seini ya koma bayan rumfa. Haƙurinsa ya ƙare. Ko mutumin ya so ko ya ƙi, yau sai ya ji muryarsa, ya gaya masa abin da littafinsa ya ci, ya tambaye shi ranar tafiya. Ya zaro tasa wayar, ya nemo lambar Köhler, ya danna kira a karo na farko, ya kara a kunne.

Ƙaramar wayar yayansa ta fara rawa a hannunsa na hagu, ga lambarsa a kan gilashin, a samanta kuma sunan da aka ajiye shi da shi: Jakina.